KUNNE DA GADON BAYA: JARIN MAI LASIFIKA

(Jawabin da aka gabatar wa ɗalibai 'yan ƙasar Gaya da Ajingi a zauren Ƙungiyar Ɗalibai)



Batun da muka zaɓa yau, mai yiwuwa ne wasu su ga bai cancanci zauren jami'a ba. An saba kawo mana maganar tattalin arziki da siyasa da makomar ƙasa, mu kuwa ga mu da maganar mai lasifika, watau saurayin nan da ke isa dandali kafin kowa, ya ɗaura amsa-kuwwa a kan itace, ya ja waya, ya ta da inji, sa'an nan ya koma gefe ya tsuguna har taro ya watse. Amma mu tambayi kanmu: wane taro ne ke yiwuwa yau a ƙasar Gaya ba tare da shi ba? Daga tafsirin watan azumi zuwa Maulidi, daga walimar saukar Alƙur'ani zuwa bukukuwan aure na kaka, daga hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Gaya zuwa gangamin 'yan siyasa a Balan ko Kademi ko Toranke, muryar malami da ta mawaƙi da ta ɗan takara duka ta hannunsa suke bi kafin su kai ga kunnen jama'a. Abin da muke so mu tabbatar a wannan zama shi ne, jarin wannan ma'aikaci na gaskiya ba akwatunan lasifika ba ne, kunnensa ne da gadon bayansa. Kuma yadda ake gudanar da aikin a yanzu yana cin wannan jari tun mai shi yana da ƙuruciya, alhali kuwa gyaran bai fi ƙarfinmu ba.

DAGA SANƘIRA ZUWA LASIFIKA

Kafin zuwan wannan na'ura, Bahaushe yana da hanyoyinsa na isar da murya: mai shela yana zaga gari, sanƙira yana ɗaga maganar maroƙa, ladan yana hawa wuri mai tudu, tambari da kakaki suna sanar da fitowar sarki. Ƙarfin huhun mutum shi ne iyakar ƙarar. A shekarar 1915 ne wasu injiniyoyi biyu, Jensen da Pridham, suka gwada amsa-kuwwa mai aiki da lantarki a gaban taron jama'a a birnin San Faransisko na Amurka, a 1925 kuma Rice da Kellogg suka fito da irin lasifikar da ake ƙerawa har yau. Ƙauyukanmu sun fara saninta ta hanyar motocin majigi na zamanin Turawa, da motocin yaƙin neman zaɓe na zamanin NEPU da NPC a shekarun 1950. Yau kuwa da wuya a sami masallacin Jumma'a da babu ƙahon Ahuja na ƙasar Indiya ko makamancinsa a kan soronsa. Na'ura ta zo, sana'a ta kafu a kanta, amma ilmin kare mai sana'ar bai biyo ta ba.

ILMIN DAIDAITA AIKI DA JIKIN MA'AIKACI

Akwai wani fanni na ilmi da Turawa ke kira egonomiks, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar aiki da ƙa'ida. Wani masani ɗan ƙasar Polan ne ya fara amfani da sunan a 1857, aka kuma kafa ƙungiyar masanansa a Ingila a 1949. Manufarsa a taƙaice ita ce a tsara aiki ya dace da jikin mutum, maimakon a tilasta wa jiki ya lanƙwashe don ya dace da aiki. Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Wanda ya fara naɗa gammo, da maƙerin da ke auna ƙotar fartanya da tsawon manomi, duk wannan ilmi suka yi aiki da shi, ko da ba su ba shi suna ba.

Tun da mun ambaci maƙera, ya kamata mu tuna cewa tarihin baka na Kano yana danganta asalin birnin da Abagayawa, watau maƙeran da suka taso daga Gaya suka zauna a gindin Dala saboda tama. To, maƙera suna cikin ma'aikatan farko da likitoci suka lura sana'arsu tana kurmantar da su. Wani likita ɗan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya wallafa littafi a kan cututtukan masu sana'o'i a 1700, ya faɗaɗa shi a 1713, inda ya bayyana yadda maƙeran tagulla ke rasa ji saboda bugun guduma na yau da kullum. Shekaru ɗari uku ke nan da sanin wannan cuta, ga shi jikokin maƙeran Gaya suna kamuwa da ita ta wata sabuwar ƙofa.

KUNNE

A can cikin kunne akwai wani ɗan ƙashi mai siffar katantanwa, cike da ruwa, a cikinsa kuma akwai ƙananan ƙwayoyin halitta masu kama da gashi, kimanin 15,000 a kowane kunne. Su ne ke mai da motsin iska ya zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Ƙara mai tsanani tana kashe su, kuma wadda ta mutu ba ta sake tsirowa, babu allura, babu ƙwaya, babu tiyatar da ke mai da ita.

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel. Hirar mutum biyu tana kai wajen desibel 60. Cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ƙayyade cewa kada ma'aikaci ya wuce awa 8 a cikin ƙarar desibel 85, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi: desibel 88 awa 4, desibel 91 awa 2, desibel 94 awa 1, desibel 100 kuwa minti 15 kacal. A watan Maris na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar wuraren taro da shagali, ta sa iyaka a desibel 100, ta kuma yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya 'yan shekara 12 zuwa 35 suna cikin haɗarin lalacewar ji. Yanzu mu dubi yaron da ke zaune a gindin akwatin lasifika daga bayan sallar isha'i har asuba, kwana uku a jere, a bikin aure ɗaya.

Cutar ba ta zuwa da zafi, shi ya sa ake raina ta. Alamarta ta farko ita ce mutum ya koma gida kunnensa yana kuka kamar gyare, ko ya ji kamar an cusa masa auduga. Da safe abin ya lafa, sai ya ce ya saba. Haƙiƙa ba sabo ba ne, ɓarna ce ke taruwa. Siraran sautuka ne ke fara ɓacewa, irin su sa da sha da fa da tsa, har ya zama yana jin ana magana amma ba ya rarrabe sata da fata, ko saya da tsaya. A nan ne asarar ta shafi sana'ar kanta, domin mai lasifikar da kunnensa ya dushe zai yi ta ƙara murya yana kaifafa ta don ya ji daidai a nasa kunnen, jama'a kuwa suna toshe nasu. Da haka mai cutar ke raba ta ga yara da tsofaffin da ke sahun gaba.

Maganin yana da sauƙi. Kada ya zauna a gindin lasifika. Ya sa abin toshe kunne na roba ko na soso, wanda ake sayar wa ma'aikatan masana'antu, domin auduga ba ta tare ƙara sai kaɗan. Ya riƙa fita daga cikin hayaniya yana hutar da kunne, ya kuma bar kwana ɗaya tsakanin manyan ayyuka biyu in da hali. Wanda ya daɗe a sana'ar ya je a auna jinsa a sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1999. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

ƘARA DABAM, JI DABAM

A nan ne muke so mu daɗe, domin a nan ne kuskuren ya fi yawa, kuma mu masu shirya taro mu ne ke haddasa shi. Da zarar na baya sun ce ba sa ji, sai a yi wa mai lasifika tsawa a ce ya ƙara murya. Alhali kuwa lissafi ya nuna ƙarin murya ba shi ne magani ba.

A fili, duk sa'ad da nisa ya ninka, sauti yana raguwa da desibel 6. Alal misali, lasifikar da ke ba da desibel 110 a nisan mita 1, za ta ba da 104 a mita 2, da 98 a mita 4, da 92 a mita 8, da 86 a mita 16. Watau wanda ke gindinta ya cinye rabonsa na yini cikin ƙasa da minti biyu, wanda ke mita 16 kuwa zai iya zama awa shida lafiya. Idan aka ajiye akwati a ƙasa, jikin sahun gaba ne ke shanye sautin, na baya su tashi a tutar babu. Idan kuwa aka ɗaga shi sama da kawunan jama'a, aka ɗan karkata bakinsa ya fuskanci sahun baya, sai tazarar da ke tsakanin na kusa da na nesa ta ragu, kowa ya ji, ba wanda ya cutu.

Bugu da ƙari, ninka ƙarfin amfilifaya desibel 3 kawai yake ƙarawa, kuma kafin kunne ya ji murya ta ninka sai an ƙara ƙarfin kusan sau goma. Wannan kuwa man fetur ne, kowa kuma ya san abin da lita ta koma tun da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023. Amfilifayar da aka matsa wa fiye da ƙarfinta tana fasa murya, ta ƙona lasifika, sai an ɗauka an kai Sabon Gari gyara. Haka nan jera lasifika huɗu a bakin amfilifaya ɗaya: biyu masu om 8 suna komawa om 4, huɗu su koma om 2, yawancin na'urorin kuwa ba a yi su don ɗaukar haka ba, sai su yi zafi su mutu ana tsakiyar wa'azi. Gora mai tsawo da igiya mai ƙwari sun fi wannan duka araha.

Akwai kuma maganar gudun sauti. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Idan aka kafa ƙaho ɗaya a gabashin fili, wani a yamma, suna fuskantar juna, wanda ya fi kusa da ɗaya da kamar mita 17 ko fiye zai ji kowace kalma sau biyu, maganar malami ta cakuɗe. Abin da ya fi shi ne a tara ƙahonnin a wuri ɗaya, a sama, kowanne ya fuskanci nasa ɓangaren. Kukan nan mai huda kunne da lasifika ke yi kuwa, dalilinsa makirfo ne ke sake ɗaukar abin da lasifika ta fitar. A sa lasifika a gaban mai magana ta ba shi baya, a kusantar da makirfo bakinsa, kukan zai ɗauke. Daga ƙarshe, teburin mai lasifika ya kasance a cikin jama'a, yana fuskantar mai magana, a kan kujera da tebur daidai gwiwar hannunsa, domin wanda ke tsugune a bayan rumfa ba ya jin abin da jama'a ke ji, gwiwarsa da wuyansa kuma suna biyan kuɗin tsuguno.

GADON BAYA

Babban akwatin lasifika yakan kai nauyin buhun siminti, watau kilo 50, janareta kuma yakan fi haka. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya a kan iyakar nauyin da ma'aikaci zai ɗauka tun 1967. Daga baya, a 1991, masanan Amurka suka lissafa cewa nauyin da yawancin ma'aikata za su riƙa ɗagawa ba tare da haɗari ba shi ne kilo 23, wanda bai kai jarkar 'yan garuwa mai lita 25 ba, kuma wannan ma sai in kayan yana manne da jiki, daidai ƙugu, ba tare da murɗa jiki ba. Dalili shi ne ƙashin baya yana aiki kamar sandar da ake ɓamɓare dutse da ita: gwargwadon nisan kaya daga jiki, gwargwadon nauyin da ke sauka a kan faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ƙugu. Wanda ya sunkuya ya fizgi akwati daga bayan a-kori-kura, ya murɗa ya ajiye, ya haɗa abubuwa uku mafi muni a motsi ɗaya. Ciwon da ke sauka daga ƙugu zuwa ƙafa, wanda sau da yawa ake ɗora wa sanyi ko basir, wani lokaci daga nan yake.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk abin da ya wuce jarkar ruwa, mutum biyu su ɗauka, ɗaya yana ƙirgawa. A durƙusa da gwiwa, baya a miƙe, a rungumi kaya, a juya da ƙafa. A sa wa akwatuna mariƙi a gefe biyu. A hanyoyinmu masu rairayi ƙananan tayoyi ba sa tafiya, amma kura ko baro ko amalanke suna yi. A matso da mota bakin dandali, a loda masu nauyi a ƙasa kusa da ƙofa. Wanda zai hau sama ya sami tsani da mai riƙe masa, a kuma ja ƙaho da igiya bayan ya hau. Iyayen gida su ji tsoron Allah game da yaran shago 'yan shekara goma sha, waɗanda ƙashinsu bai gama ƙwari ba.

WUTA DA INJI DA RANA

Wutar lantarki a Nijeriya bolt 230 ce, ta janareta ma haka, kuma tana kisa. Cusa tsirarar waya a soket da tsinken ashana, da haɗa waya a naɗe da leda, da tsayawa ba takalmi a jiƙaƙƙiyar ƙasa da damina, duk wasa ne da rai. A 1972 wani makaɗin Birtaniya mai suna Les Harvey ya mutu a kan dandali a garin Swansea, a gaban 'yan kallo, don ya taɓa makirfon da ba a haɗa shi da wayar ƙasa ba. Akwai 'yar na'ura mai katse wuta nan take idan ta fara bi ta jikin mutum. Kuɗinta bai kai na lasifika ɗaya ba. Da hadari ya taso da walƙiya kuwa, a kashe kome, a nisanci dogayen ƙarafa.

Janareta yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Kada a ta da shi a zaure ko shago don gudun ƙara ko ɓarayi. A kai shi fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, ta inda iska za ta kwashe hayaƙin daga jama'a. Kada a zuba masa mai yana aiki ko yana da zafi. Game da rana kuma, zafin bazara a ƙasar Kano yakan wuce digiri 40, azumin 2024 kuwa a Maris da Afrilu ya faɗo. Kafa kaya da sassafe ko bayan la'asar, da inuwa ga mutum da na'ura, ba ragwanci ba ne. Haka nan wanda ya kwana a tsaye bai kamata ya hau babur ko ya ja mota a hanyar Gaya zuwa Wudil ba sai ya runtsa.

TSARI

Yawancin raunuka a cikin gaggawa suke faruwa, gaggawa kuwa rashin tsari ke haifar da ita. A rubuta jerin kaya a takarda, a duba wajen fita da wajen dawowa. A naɗe kowace waya ita kaɗai, a yi wa bakinta alama da launi. A bi da wayoyi ta gefen bango, kada su gitta hanya. A bar inji ya daidaita kafin a jona kaya. Wajen kunnawa amfilifaya ce ta ƙarshe, wajen kashewa ita ce ta farko. A gwada murya kafin jama'a su taru, a taka har sahun ƙarshe a saurara. A ajiye makirfo da waya da fis na ko-ta-kwana. Da hunturu a rufe kaya saboda ƙura.

NAUYIN DA KE KANMU

'Yan'uwa, dokoki suna nan: dokar masana'antu ta 1987, da ƙa'idojin hana yawan ƙara na 2009 da hukumar NESREA ke kula da su, da dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010. Amma a aikace inuwarsu ba ta kai ga yaron da ke ɗaukar akwati a Balan ba, domin ba shi da takardar ɗaukar aiki, ba shi da albashi, ba shi da fansho. Ranar da kunnensa ya toshe ko bayansa ya ƙage, maigida zai sami wani, shi kuwa ya koma gida ba ya iya noma, ba ya jin kiran salla sai an taɓa shi.

Saboda haka abin ya dawo kanmu. Mu ne sakatarorin kwamitin Maulidi da na biki, mu ne ke shirya taron ƙungiya, gobe kuma mu ne jami'an ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi masu sa hannu a takardar hayar lasifika. Muna roƙon duk wanda aka ɗora wa shirya taro ya riƙe abu huɗu: ya ba mai lasifika lokacin kafa kaya isasshe, ya tanadi masu taya shi ɗauka da tebur da inuwa da ruwa, ya hana yara zama a gindin lasifika, ya kuma daina cewa a ƙara murya, ya ce a ɗaga ƙaho. Ɗalibanmu na injiniya a Jami'ar Bayero da Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil, wayoyin hannunku suna iya ɗaukar manhajar auna desibel. Ko da ba ta kai na'urar ƙwararru daidaito ba, ta isa ta nuna haɗari. Ku yi amfani da hutunku ku zauna da masu wannan sana'a, ku koya musu lissafin, su koya muku aikin, ku kuma zana wa masu walda na Gaya irin kura da sandar ɗaga lasifika da suka dace da ƙasarmu. Masu sana'ar su ma su haɗa kai, su yi asusun taimakon wanda ya ji rauni.

Al'ummar da ta kashe kuɗi ta ilmantar da mu tana da haƙƙi a kanmu, kuma ilmin da bai sauka daga allo ya taɓa rayuwar talaka ba, ado ne kawai. Rigakafi ya fi magani, balle a cutar da ba ta da magani.  Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya sa albarka a sana'o'inmu.